Tawada Ta Ɗakin Buga Takardu

Duk wanda ya yi aiki a ginin majalisar dokoki a shekarun nan ya san matar da ake kira Tawada, ko bai san fuskarta ba ya san aikin hannunta. Ita ce ke kula da babban injin buga takardu a hawan da ke ƙarƙashin ƙasa. Duk ƙudurin dokar da 'yan majalisa za su riƙe suna ta da jijiyar wuya a kansa, ta hannunta yake fara bi, da ɗuminsa. Sunan kuwa daga yatsunta ya fito. Ko sau bakwai ta wanke hannu da sabulu, gefen farcenta baƙi ƙirin yake. Mijinta, tsohon direban motar haya da ciwon baya ya zaunar a gida, yakan ce duk ranar da aka rasa abin dangwale a unguwa, a zo a ari babban yatsan matarsa.

Tana da shekara ashirin da shida ta fara, bayan ta yi shekara huɗu a wani shagon buga kalanda da katin gayyata. Wata ƙawar yayarta ce ta kawo mata labarin ana neman wanda ya iya inji. Aka ɗauke ta na wata shida, a matsayin ma'aikaciyar wucin gadi. Da wata shidan ya cika aka miƙo mata wata takarda ta sa hannu, ita ma ta wata shida. Haka aka yi ta yi har shekara goma sha tara. A tsakanin takardun nan ta haifi 'ya'yanta uku, kuma kowace haihuwa tun ba ta gama warwarewa ba take komawa, don kada a ce an ga gurbinta babu kowa.

Ɗakin nasu matakala ashirin da biyu ne daga hawan farko, domin lif ba ya sauka can. Babu taga ko ɗaya. Fanka biyu ne ke ta juya warin tawada da na man wanke inji, daga wannan bango zuwa wancan. A ƙarshen ɗakin akwai ƙofar gudun gobara, amma tun wata shekara da aka ce ana satar takarda ta nan aka ɗaure ta da sarƙa da kwaɗo, daga baya kuma aka jibge karyayyun kujeru a gabanta. Su goma sha ɗaya ne ke aiki a wurin. Mutanen sama suna kiransu 'yan ƙasa, su ma suka karɓi sunan suna dariya, suna cewa ai gara su, su ne aka tabbatar ba baƙi ba ne.

Tawada tana da wata ɗabi'a da ba kowa ya lura da ita ba. Idan inji ya kama aiki, takan zaro takarda ɗaya ta duba ko tawadar ta zauna daidai, to daga dubawar sai ta zarce da karatu. A haka, a tsaye, ta karance dokar haya, da ta kasuwanni, da ta hanyoyin mota, da littafin ƙa'idojin majalisar kansa wanda take sake bugawa duk bayan zaɓe. Idan maƙwabta suka yi rigima da mai gidan haya, wurinta suke zuwa. Mijinta ya sa mata suna na biyu, lauyar da ba ta da riga.

A gefenta Dogo ke aiki, mai injin yankan takarda. Gajere ne ƙwarai, shi ya sa aka sa masa sunan. Yana da 'ya'ya biyar da bakin da ba ya hutawa, kuma Yaya yake kiranta tun ranar da ya fara aiki. Injinsa yana da murfin kariya da ke hana wuƙar sauka idan hannu na ciki, sai dai murfin ya lalace. Sau uku suna rubuta wa shugaban sashe, sau uku yana cewa ya tura sama. Dogo ya ce wataƙila takardar ce ke jiran lif.

Ranar wata Laraba, wajen ƙarfe uku na rana, aka aiko a guje cewa ana son rahoton wani kwamiti kafin zaman ƙarfe huɗu. Tawada na bugawa, Dogo na yanka. Ya sa hannun dama ya daidaita gefen takardun, wuƙar ta sauko da kanta.

Bai yi ihu ba. Abin da ta ji kawai shi ne ya ce, “Yaya,” da wata irin murya da ba ta taɓa ji a bakinsa ba. Ta kashe injinta, ta ruga wurin akwatin agajin gaggawa da ke jikin bango, ta tarar ba komai a ciki sai tsohon almakashi da ɗan guntun auduga. Ta cire ɗankwalinta ta ɗaure masa hannun tamau, ta ɗaga shi sama. Maza biyu suka tallabe shi suka hau matakalar nan, ita tana biye tana riƙe da gwiwar hannunsa.

A hawan farko akwai ƙaramin asibitin majalisa, fes da shi, da gadaje huɗu. Ma'aikaciyar jinyar da ke ciki ta tambayi katinsa. Ba shi da kati, domin katin na 'yan majalisa ne da ma'aikatan dindindin. Matar ta dubi hannun, ta dubi rajistarta, ta ture rajistar gefe ta tsayar masa da jinin. Amma motar asibitin ba ta fita sai da sa hannun wani jami'i, shi kuwa yana wurin taro. Wani direba ne da ya zo wucewa ya sa shi a motarsa ya kai shi babban asibiti. Yatsu uku suka tafi.

Da Tawada ta koma ƙasa ta tarar an goge jinin, wani ya ƙarasa yankan a kan injin nan dai, an hau da rahoton. Ƙarfe huɗu daidai ta ji ƙararrawar shiga zama. Wannan ƙararrawa ta fi komai tsaya mata a rai.

Bayan wata biyu lokacin sabunta takardu ya yi. Shugaban sashe ya sauko da takardu goma. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya son kallon mutum ido cikin ido.

“Yallaɓai, mu goma sha ɗaya ne,” in ji Tawada.

“Na sani. Ba daga wurina ba ne. An ce yankan takarda aikin hannu biyu ne.”

“To, a ina ya bar rabin ɗayan?”

Ya ajiye mata tata takardar ya wuce.

Ranar hutun mako ta je gidan Dogo. Ta same shi zaune a bakin gado yana koyon sa maɓallin riga da hannun hagu, matarsa na tsaye a ƙofa tana son ta taimaka tana tsoron ya ji haushi. Ya tambayi kowa da kowa na wurin aiki, har da kyankyasan da ke bayan kabad. Amma da ta tashi tafiya ya raka ta bakin ƙofa, ya ce a hankali, “Yaya, shekara goma sha ɗaya. Ko a ce mini sannu a rubuce.”

A motar komawa gida ta yi ta juya abin. Shekara bakwai da suka wuce ita ta buga dokar kare lafiyar ma'aikata a wuraren aiki, kuma ta tuna shafi na uku kamar yanzu ta gani. An rubuta cewa dokar ba ta shafi masu aiki a majalisa ba, domin majalisa za ta tsara wa nata ma'aikatan ƙa'idoji na musamman. Da an tsara su, da ta hannunta za su bi. Ba su taɓa biyowa ba. Ta kuma tuna wani wuri a littafin ƙa'idoji, inda aka ce kowane ɗan ƙasa yana da damar kai kokensa gaban majalisa, muddin ɗan majalisa ɗaya ya yarda ya gabatar masa.

Washegari da safe suna shan shayi ta gaya wa mijinta abin da take shirin yi. Ya juya cokali a kofi.

“Idan suka kore ki fa?”

“Malam, ai duk wata shida korata suke yi, su sake ɗauka.”

“Wannan karon ba lallai su sake ɗauka ba.”

“Na sani. Amma gobe hannuna ne, ko huhuna. Ka dai ji tarin da nake yi.”

Ya kurɓi shayinsa. “To, ki rubuta. Amma ki yi rubutu mai kyau, don wannan naki kamar kaza ta bi ta kan takarda.”

Da hannu ta rubuta, a kan takardar da ta saya a shago, don kada a ce ta taɓa ta majalisa. Shafi biyu ne kacal. Ta faɗi abin da ya sami Dogo, ta faɗi ƙofar da aka ɗaure, da asibitin da ke tambayar kati, da takardar wata shida, ta kawo shafi na uku na dokar kalma da kalma. A ɗakinsu mutum shida suka sa hannu, uku suka ce ta yi haƙuri suna da iyali, ba ta kuma ga laifinsu ba. Sai labari ya zaga ginin. Masu shara suka riƙa tare ta a matakala, haka masu ba furanni ruwa, da masu wanke kwanuka a kantin cin abinci, da masu gyaran wuta. Kowa da nasa. Wata ta nuna mata hannunta da ruwan wanke banɗaki ya sale, wani ya ba ta labarin tsanin da ya karye da shi. Cikin mako uku sunaye suka kai ɗari da arba'in da uku.

Samun wanda zai gabatar ne ya yi wuya. 'Yan majalisa uku ta tare, duka suka saurare ta da fara'a, suka ce ta bar wa sakatarensu. Ta huɗun wata dattijuwa ce mai zama a layin baya, wadda ba a cika jin muryarta a zaure ba. Tawada ta same ta a ofis tana cin gyaɗa.

“Dawo ta wannan gefen, 'yata,” in ji dattijuwar. “Wancan kunnen masaƙa ta cinye shi. Shekara goma sha shida na yi a gaban inji kafin in shigo wannan harka.”

Ta karanta shafi biyun sau biyu, ta bi sunayen da yatsa har ƙarshe.

“Kin san da ni aka zartar da dokar nan? Na ɗaga hannu, na koma gida ina jin na yi abin kirki. Ban taɓa tambayar wa ke share ofishin nan ba.” Ta ninke takardar ta sa a jaka. “Zan gabatar. Amma ki shirya, za su taɓa ki.”

Sun kuwa taɓa ta. Kwana huɗu da karanta koken a zaure aka ɗauke ta daga kan inji, aka mayar da ita ɗakin ajiye tsofaffin takardu, ita kaɗai da ƙura. Wasu da suke gaisawa suka fara sauya hanya idan sun hango ta. Abin ya yi mata ciwo, har wata rana ta zauna a kan kwali ta yi kuka mai isarta. Sai dai injin nata tsoho ne, yana da halinsa, wanda aka sa a kansa kuwa bai san inda ake lallaɓa shi ba. Ana cikin mako na shida jadawalin zama ya fito da shafi na biyu a kife, har wani ɗan majalisa ya tashi ya tambayi kakaki ko an fara zama da ka a ƙasa ne. Washegari shugaban sashe ya leƙo ɗakin ajiyar ya ce ta koma wurinta.

Ranar da kwamitin koke-koken jama'a ya kira ta, ta sa kayanta mafi kyau, mijinta ya dogara sandarsa ya rako ta har ciki. Wannan ne karo na farko da ta zauna a kujerar ɗakin kwamiti. Kafin ta buɗe baki lauyan hukumar gudanarwar majalisar ya miƙe. Ya ce koken bai halatta ba, domin ma'aikaci ta ofishin shugabansa yake bi. Da aka tambaye shi me ya sa ofishin bai saurare su ba, ya ce ai a ƙa'ida masu takardar wucin gadi ba ma'aikatan majalisa ba ne.

Dattijuwar ta juyo da kunnenta mai ji. “Ka zaɓi ɗaya, ɗana. Idan ma'aikaciya ce, a ba ta haƙƙin ma'aikata. Idan ba ma'aikaciya ba ce, to 'yar ƙasa ce, tana da damar koke.”

Shugaban kwamitin, wani ƙaton mutum mai yawan share gumi, ya dubi Tawada. “Malama, ke a wane matsayi kika zo?”

“Ranka ya daɗe, 'yar ƙasa ce ni. Ko a ginin nan haka ake kiranmu.”

Aka yi dariya, dariyar kuma ta kwance mata harshe. Ta yi magana minti goma ba ta duba takarda ba. Ba ta zagi kowa ba, ta ma ambaci ma'aikaciyar jinyar da ta ture rajista, ta ce a gode mata. Sannan Dogo ya taso ya warware ƙyallen hannunsa ya ɗora hannun a kan tebur.

“Abu ɗaya nake roƙo yanzu,” in ji Tawada. “Ku sauko ku gani. Ba nisa, ƙarƙashin ƙafafunku ne.”

Suka sauka, su tara, shugaban kwamitin na riƙe da ƙarfen matakala yana haki. Yawancinsu ba su taɓa sanin akwai wurin ba. Wata 'yar majalisa ta toshe hanci da gyale. Shugaban ya tsaya gaban tulin kujerun nan ya tambayi abin da ke baya, aka gaya masa. Ya ce a kawo makulli. Aka aika ofishin tsaro, suka ce yana ofishin gine-gine, can kuma suka ce wanda ke riƙe da shi ya yi ritaya shekara shida da suka wuce.

“Yanzu da wuta ta tashi a matakalar can, ta ina za mu fita?” ya tambaya.

“Ba ta ko'ina, ranka ya daɗe,” in ji Tawada.

Ya ce ba zai hau ba sai an buɗe. Aka kira mai walda ya yanke sarƙar. Ƙofar ta yi ƙara ta buɗe, sai ga wata 'yar matakala cike da busasshen ganye, tana hawa zuwa lambun bayan gini. Iska ta shigo ta ɗaga takardun da ke kan tebur, kowa ya shiga tare nasa.

Ƙofar a rana ɗaya aka gama da ita, murfin injin yanka a mako ɗaya. Sauran kuwa sai da ya ci shekara biyu. Aka rubuta ƙudurin gyaran dokar, ya tsallake karatu na farko, sai wa'adin majalisar ya ƙare aka tafi zaɓe. Dattijuwar ba ta dawo ba. Ɗaya daga cikin masu sharar da suka sa hannu ta rasu ba ta ga ƙarshen abin ba, wasu suka gaji suka nemi aiki a wani wuri. Dogo ya buɗe ɗan teburin sayar da biro da ambulan a bakin titi. Tawada ta sake bin ofisoshi daga farko, amma wannan karon ba ita kaɗai ba, domin ma'aikatan sun kafa ƙungiya, har na dindindin sun shigo, tun da su ma sun gano shafi na uku bai bar su ba. Dattijuwar kuma tana gida tana buga wa tsofaffin abokan zamanta waya ɗaya bayan ɗaya, ba ta barin su sha ruwa.

Da aka zartar, Tawada ce ta buga dokar. Ta zaro ta farko ta karanta a tsaye kamar yadda ta saba. Asibitin majalisa na duk mai aiki a ginin ne. Wanda ya shekara uku yana sabunta takarda ya zama na dindindin. Wanda ya ji rauni a bakin aiki a yi masa magani, a biya shi diyya, a ba shi aikin da zai iya. Ba a korar mutum don ya kai ƙara. Tana da shekara arba'in da bakwai aka miƙa mata takardar da babu ranar ƙarewa a jikinta. Ta kai gida, mijinta ya juya ta gaba da baya, ya ce shi dai bai yarda ba sai ya ga wata na bakwai. Aka dawo da Dogo, aka ba shi kula da ɗakin ajiyar sabuwar takarda.

Dokar ta ce kowane hawa ya zaɓi mai kula da lafiyar ma'aikata, 'yan ƙasa kuwa ba su ɓata lokaci wurin zaɓe ba. Aka ba Tawada rigar sama mai ruwan ɗorawa da usur. Ranar da aka yi gwajin gudun gobara na farko, da hantsi, ƙararrawa ta kaɗa, ginin duka ya fito filin ajiye motoci. Kakakin majalisa na tsaye a rana, kusa da shi mai wanke kwanuka da kumfa a hannu. Wani sabon ɗan majalisa ya juya zai koma ciki ya ɗauko wayarsa, Tawada ta sha gabansa.

“Ranka ya daɗe, ba a komawa sai an gama ƙirga.”

“Kin san ko ni wane ne?”

“Na sani. Da kai aka ɗaga hannu kan dokar nan, sashe na goma sha huɗu.”

Ya dube ta, ya dubi kakakin da ke tsaye yana fifita da takarda, ya koma layi.

Ta juya wurin mutanenta ta fara ƙirga su da yatsa. Dogo na ƙarshen layi, ya ɗaga hannayensa biyu sama.

“Yaya, ki ƙirga da kyau, kada ki ce in taya ki. Ni yanzu lissafina ba ya wuce bakwai.”

Dariya ta sa ta ɓata ƙirgar, sai da ta sake daga farko. Sun cika. Ta rubuta a takardarta, ta busa usur, kowa ya kama hanyar wurin aikinsa.